Dalilin da ya sa wake ba ya riƙe sirrin kowa

Dalilin da ya sa wake yake tona asirin duk wanda ya ci shi, shi zan gaya muku yau, tunda na ga tun da kuka dawo daga cin abincin rana ajin nan ya ƙi zama lafiya, kowa ya toshe hanci yana nuna na kusa da shi. Ku sauke hannuwanku. Ban tambayi wanda ya yi ba, kuma ba na so a gaya mini. Ku dai buɗe tagar can, sannan ku saurara.

A zamanin da, duniya ba ta san wannan ƙarar ba. Mutum zai ci wake ya yi nak, ya tashi ya je gaban surukansa ya zauna hankali kwance. A lokacin abinci yana magana kamar ni da ku, kuma kowanne da halinsa. Gero surutu, Dawa fahariya, Barkono kuwa ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi faɗa. Wake ne kaɗai mai kunya a cikinsu. A gona yaɗo yake yi a ƙasa, ƙarƙashin gero, ba ya ɗaga kai, in an gaishe shi da ƙyar ake jin amsarsa. Har iyaye kan ce wa ɗansu mai rawar kai ya je ya koyi natsuwa a wurin Wake. Shi ma Waken yana ji da wannan mutunci nasa ƙwarai, don ba shi da wani abin taƙama da ya wuce shi.

To, akwai wani gari da ake kira Tudun Gayya, mutanensa suna da wata doka tun ta kakanni. Dokar ita ce, duk maƙwabcin da ya ji ƙarar taɓarya daga gidanka, yana da kwano a tukunyarka ta ranar. Ba roƙo ba ne, hakki ne. In matar gida ta fara daka, sai ka ga ƙoƙuna suna leƙowa ta saman danga. Dokar kuwa ta yi musu aiki, saboda gero da dawa da masara duk ba a cin su sai an daka, turmi kuma ba ya iya raɗa. Don haka a garin ba a taɓa jin wani ya kwana da yunwa alhali maƙwabcinsa ya ƙoshi ba.

Ana nan wata shekara ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, dawa ta bi shi. Aka cinye na rumbu, aka karkaɗe gindinsa, aka koma dusa da ganyen tafasa. Masu ɗan abin sayarwa suka sayar, suka sayo busasshen rogo daga fatake. Garin ya yi tsit, sai can ba a rasa ba ka ji turmi ɗaya yana ƙara, mutane su nufi gidan da ƙoƙuna.

A garin akwai wani mutum, Korau, mai gona a fadama. Geronsa ya mutu kamar na kowa, amma waken da ya shuka a tsakani ya sami laima ya yi 'ya'ya sosai. Korau ya rore shi a ɓoye, ya jibga harawar a kan jaki ya rufe buhunan da ita, ya shigo gari yana kuka wai ko ƙwaya bai samu ba sai abincin awaki. Da ya shiga gida ya cika randuna, ya gauraya da toka don kada ƙwari su ci, ya jera su a ƙuryar ɗakinsa.

Ku san Korau ba jahili ba ne, ya san doka sarai. Abin da ya lura da shi, wanda ba wanda ya taɓa damuwa da shi a shekarun ƙoshi, shi ne wake ba ya bukatar turmi. A wanke, a zuba a tukunya, a jefa 'yar kanwa, shi ke nan. Hayaƙi ba ya tona komai, don kowane gida ana hura wuta a dafa ganye. Ya hana matarsa sa mai da daddawa don kada ƙamshi ya tsallaka danga. Kullum sai ya rufe ƙofa ya ci ya yi gyatsa a cikin hularsa, sannan ya shafa toka a leɓe, ya fito yana dafa bango kamar mai shirin faɗuwa. Kuma duk gidan da aka ji daka, ƙoƙon Korau ne na farko a saman danga. Ni dai a duk labaran da na sani ban ga mai ƙarfin hali irin nasa ba.

Danga ɗaya ce ta raba gidansa da na Delu. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Talle, wanda ba a daɗe da yaye shi ba. Delu tana yi wa mutane aikatau a ba ta ɗan rogo, ta daka, ta raba wa masu ƙoƙuna kamar yadda doka ta ce, har da Korau, ta dama sauran ta ba yaron. Kunun rogo da safe, kunun rogo da rana, kunun rogo da yamma. Cikin Talle yana cika, ba wai ba ya cika ba. Amma a hankali sai cikin ya fito, ƙafafunsa suka kumbura har in ka danna sai yatsa ya bar rami, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Yaron da a da ake fama da shi kan bin kaji, ya zama inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi.

Nan ku buɗe kunne da kyau, don wannan ba tatsuniya ba ce. Cika ciki daban, ciyar da jiki daban. Rogo da gero da shinkafa suna ba ka ƙarfin gudu, amma ba su isa su gina yaro su kaɗai ba. Akwai masu gini: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nono, nama. Akwai kuma masu gadi, su zogale da alayyafo da 'ya'yan itace, su ne ke hana cuta shiga. Yaron da ake ba abu ɗaya tak kullum yana iya kwana da cikakken ciki, yunwa kuma tana cin sa ta ciki.

Delu ta san haka, don ta taɓa ganin irin wannan kumburi ya tafi da 'ya'yan mutane. Kaji duk an cinye, Fulani sun yi kudu da shanunsu, gyaɗa ko ta magani babu. Sai ta tuna tulin harawar da ta gani a kan jakin Korau, ta ce a ranta ganye mai yawa haka da wuya a rasa ƙwaya ko kaɗan. Ta goya Talle, ta ɗauki ƙoƙo, ta yi sallama a zauren Korau. Suka gaisa, ya yi mata ƙorafin yunwa mai tsawo tun ba ta ce komai ba. Ta bari ya gama, ta kwance goyon ta nuna masa yaron.

Ta ce, "Malam Korau, kai abokin babansa ne. Ko cikin tafin hannu ne na wake, in akwai, ka taimaka mini. Ba ni zan ci ba."

Korau ya dubi yaron sama da ƙasa, ya ce, "Haba Delu, wannan ne mai yunwa? Dubi tumbi, dubi kumatu. Ai duk garin nan ba wanda ya kai shi ƙiba. Ni ya kamata ki tausaya wa."

Ya rantse mata cewa rabonsa da ganin wake tun bara. Delu ba ta yi musu ba. Ta mayar da goyonta, ta yi masa sai an jima, ta fita da ƙoƙonta yadda ta shigo da shi.

Duk wannan a kunnen Wake, yana cikin randa. Abin ya dame shi har ya yi abin da bai saba ba, ya fara magana ba a tambaye shi ba. Da Korau ya buɗe randa zai ɗiba, Wake ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce a ba matar nan ko kaɗan ne daga cikinsa, shi ya san aikin da zai yi a jikin yaron. Korau ya yi dariya ya ce doka ta ce wanda ya ji, to wa ya taɓa jin Wake? Ya ce ai abin da ya sa yake son sa ke nan, ba ya da baki. Ya ɗiba ya mayar da murfi.

Ranar ce Wake ya fara jin kunyar kunyarsa. Shekara da shekaru ana yabonsa da shiru, ashe shirun nan ne ake amfani da shi a kashe yaro a bayan danga.

Aka dafa shi, Korau ya ci, Wake ya gangara ya isa wurin Ciki. Shi Cikin Korau ya daɗe da gajiya. Duk cikunan garin suna hutu, shi kaɗai ake ta yi wa lodi safe da yamma, ga shi in an fita waje ana ɗaure shi tamau da igiyar wando don kada a gan shi. Wake ya kwashe labari ya gaya masa, ya roƙe shi ya nuna masa hanyar da zai bi ya yi wa mutanen gari magana.

Ciki ya ce ƙofa biyu gare shi. Ta sama akwai mai gadi, Harshe, kuma yaron Korau ne, duk maganar da ta bi ta wurinsa sai ya juya ta. Ta ƙasa kuwa ba mai gadi, ba wanda ya taɓa tunanin magana za ta fito ta can.

Wake ya gane ƙofar da ake nufi.

Ciki ya ce, "Zan ara maka, amma ka ji sharaɗi tun yanzu. In ka yi magana ta ƙofar nan sau ɗaya, ta zama taka har abada. Ba za ka zaɓi wanda za ka tona ba, mai rowa da mai kyauta, malami da ɗalibi, ango da amarya, duk ɗaya. Kuma mutuncin nan naka ya ƙare. Daga yau in an ambaci sunanka yara dariya za su yi."

Wake ya tambaya ko babu wata hanya, ko da ta kunne ce ko ta hanci. Ciki ya ce shi dai abin da yake da shi ke nan. Daga can bayan danga kuma ana jiyo Delu tana lallashin Talle ya sha kunu, yaron ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Wake ya ce ya yarda.

Washegari da hantsi Mai gari ya tara jama'a a gindin tsamiya, maza a gaba, mata a gefe, don a san wanda ke da sauran abinci a taimaki masu ƙananan yara. Kowa ya faɗi abin da ya rage masa. Da aka zo kan Korau, sai ya miƙe da ƙyar, leɓe fari fat da toka. Kun san akwai mutanen da in suna maganar yunwa sai su fi masu yunwar iya faɗa. Korau ya kwatanta yadda hanjinsa ke murɗawa, ya kwatanta jirin da yake gani, har wasu tsofaffi suka fara share hawaye. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, rabon da wani abu ya shiga cikin nan nawa…"

Sai aka ji wata ƙara mai tsawo, ta fara da kauri ta ƙare da siriri.

Tunda ba wanda ya taɓa jin irinta, sai jama'a suka ɗaga kai sama. Wata tsohuwa ta ce tsawa ce, wasu mata suka ruga gida su tara tukwane. Amma sama tas take, ko gajimare babu. Korau ya ce jakin wani ne. Aka duba, jakin da ya fi kusa yana can bakin rijiya. Ya gyara tsayuwa, ya matse, ya ci gaba da cewa ko ƙwaya ɗaya babu a gidansa. Ƙarar ta sake fitowa, wannan karon gajeru gajeru a jere, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Na kusa da shi suka fara ja da baya, don saƙon ya wuce kunne ya kai hanci.

Delu ce ta gane. Tana zaune da Talle a cinya, ta ce ba tare da ɗaga murya ba, "Wake ne wannan. Da kanwa aka dafa shi."

Wuri ya kaure. Korau ya ga ba hanyar musu, sai ya koma ga doka, ya ce kakanni daka suka ce, shi kuwa bai daka komai ba. Mai gari ya tsawatar aka yi shiru. Ya gyara rawani, ya fara yi wa Korau faɗa mai nauyi a kan amana da hakkin maƙwabtaka, yana cewa shi a matsayinsa na uban gari da yake kwana da yunwa tare da talakawansa, ba zai lamunta ba. Yana cikin haka sai buzun da yake zaune a kai ya amsa, da murya da ta fi ta Korau girma, kamar yadda ya dace da mai sarauta.

Ashe kullum akwai akushin da ke fita ta ƙofar bayan gidan Korau zuwa gidan Mai gari. Kafin a gama mamakin wannan, ƙanin Mai gari ya saki tasa, mai ɗaukar wa Mai gari buzu ma ya biyo baya da 'yar ƙarama, don shi suɗi kawai yake samu. Mutanen da suka yi watanni ba su yi dariya ba suka dinga faɗuwa ƙasa suna riƙe haƙarƙari. Ba wanda ya sake maganar hukunci, don mai yanke shi ya rufe fuska da rawani.

Delu ba ta yi dariya ba. Ta goya ɗanta, ta ɗauki ƙoƙo, ta nufi gidan Korau, sauran mata suka bi ta. Matar Korau da kanta ta buɗe musu ɗakin, ta ce dama abin ya ishe ta. Aka fito da randuna tsakar gida, aka raba, aka fara da gidajen masu ƙananan yara, aka ware na iri don shuka mai zuwa. Har Korau aka ba rabonsa daidai da na kowa, ya karɓa yana kallon ƙasa.

Delu ta koma gida ta jiƙa waken, ta surfa ta cire ɓawon, ta dafa shi har ya yi laushi, ta murje shi da ludayi. Ta tsinko 'yan ganyen zogale da suka rage a jikin danga ta zuba, wata maƙwabciya ta miƙo mata ɗigon man da ta ɓoye. Talle ya kau da kai. Yaron da yunwa ta ci ƙarfinsa ba ya ma son abinci, wannan shi ne abin tsoron. Ta lakata a yatsa ta shafa masa a leɓe, ya tofar. Ta sake, ya tofar. Ta yi ta yi, kaɗan kaɗan, ba ta gaji ba, tana tsoron ko ta makara. Can dai ya haɗiye. Ta jira, ta ƙara masa, ya sake haɗiyewa.

Da la'asar tana zaune a tsakar gida, yaron na kwance a cinyarta, maƙwabta sun yi cirko cirko a bayan danga ba wanda ya iya tambaya. Sai aka ji wata 'yar ƙara siririya, kamar kukan ɗan tsako. Talle ya firgita da kansa, ya buɗe ido ya waiga yana neman inda ta fito, sannan ya dubi uwarsa ya yi dariya, dariyar da rabonta da ji tun kafin kumburin. Delu ta rungume shi ta fashe da kuka, matan bayan danga suka rangaɗa guɗa. Bai warke a ranar ba, sai da aka ɗauki lokaci ana ba shi wake da ganye da duk abin da aka samu, amma ya tashi, ya koma bin kajin mutane da aka sake kiwo.

Wake kuwa bai sake samun mutuncinsa ba, kamar yadda Ciki ya gaya masa. Gero da Dawa suka yi ta yi masa tsiya a gona. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Yunwa ba ta ƙare a duniya ba, yara. Yanzu haka da muke zaune akwai yara irin Talle a garuruwa da ƙasashe da yawa, wasu ma ba nisa da makarantar nan. Wani wuri fari ne, wani wuri yaƙi, wani wuri kuma abincin yana nan, a randar wani yake an rufe da murfi. Su Korau ba su ƙare ba, kuma har yanzu sun fi kowa iya jawabi a kan yunwa. Ku dai kada ku zama su. In kun samu ku ci mai gini da mai gadi tare da tuwonku, ku kuma duba kwanon na kusa da ku.

Shi ya sa har yau wake ba ya rufa wa kowa asiri, ko Sarki ne ya ci shi sai ya yi shela. In kun ji ya yi magana a cikin aji ku yi dariyarku, ni ma ina yi. Amma ku sani wanda ya yi ta ya ci abinci yau, kuma akwai uwar da za ta ba da duk abin da ta mallaka don ta ji wannan ƙarar daga ɗanta.